Auren gotik a Turai: bukin da amarya ke shiga da baƙar riga

Duk mai kallon talabijin ko mai duba hotuna a salula ya san kamannin amaryar Turawa: farar riga har ƙasa, farin mayafi, fararen furanni a hannu. To amma a Ingila da Jamus da Faransa da Amurka akwai ma'auratan da suka raba gari da farin. Amarya ta sha baƙin leshi, ta rambaɗa kwalli, ta shafa jan baki mai duhu, ango ya sa doguwar baƙar kwat irin ta kakanninsa, a tafi wani tsohon gidan sarauta a kunna kyandirori a yi buki. Wannan shi ake kira auren gotik. Baƙon da bai sani ba zai ɗauka zaman makoki ya tarar, alhali su a wurinsu ranar murna ce. Ga ƴan kasuwa, musamman mata masu sayar da yadi da kayan kwalliya, labarin yana da amfani, don yana nuna yadda al'ada da kasuwa ke haɗa kai su zaɓa wa mutane launin da za su sa da kuɗin da za su kashe.

Inda sunan ya samo asali

Got sunan wata ƙabila ce ta mayaƙa a Turai, waɗanda suka afka wa birnin Rum a shekara ta 410 ƙarƙashin sarkinsu Alarik. Bayan shekaru ɗari bakwai da ƴan kai, wani sabon salon gini ya ɓullo a Faransa, mai dogayen ginshiƙai, da ƙofofi masu tsini a sama, da manyan tagogi na gilashi mai launi. An fara ganinsa a cocin San Deni kusa da Paris a 1144, kuma da shi aka gina Notar Dam, wadda aka aza tubalinta a 1163, gobara ta ci rufinta a 2019, aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Ƴan Got ba su da hannu a waɗannan gine-gine. Masanan Italiya na ƙarni na 16 ne suka raina salon, suka ce aikin ƴan Got ne, wato na marasa wayewa. Da zagi aka fara, sunan kuma ya bi ginin har yau.

Daga gini sai sunan ya koma kan littattafai. A 1764 wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, ya fitar da labarin wani tsohon gidan sarauta mai fatalwa, marubuta da yawa suka bi sawunsa. A 1897 Bram Stoker ya rubuta Dracula, wanda wani sashensa ya gudana a Witbi, wani ƙaramin garin masunta a arewacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1970 kuma samari da ƴan mata a Ingila suka fito da wani kiɗa mai sanyi da ban tausayi, suka riƙa sa baƙaƙen kaya da kwalli mai yawa, aka laƙaba musu suna ƴan got. Suna da tarukansu: na birnin Laifzig a Jamus tun 1992, wanda ke tara kusan mutum dubu 20, da na Witbi tun 1994, sau biyu a shekara. Waɗannan matasa sun girma, sun kai munzalin aure, kuma da yawansu sun ce ba za su tuɓe kayan da suka saba sawa ba don rana guda.

Farar rigar ma ba ta daɗe ba

Mutane da dama na zaton farar riga doka ce ta addinin Kirista tun fil azal. Ba haka ba ne. Wadda ta yaɗa ta ita ce Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da ta auri Yarima Albat ranar 10 ga Fabrairu 1840 cikin farin siliki da leshin garin Honiton, don ta tallafa wa masu saƙar leshi na ƙasarta da kasuwarsu ta ja baya. Jaridu suka buga zanen bukin, ƴaƴan attajirai suka kwaikwaya, teloli da masu kanti suka ga hanyar ciniki. Kafin nan amarya kan sa mafi kyawun rigar da ta mallaka, ko wane launi ce. A ƙauyukan Jamus da ƙasashen arewacin Turai, har farkon ƙarni na 20, amare da yawa baƙar riga suke sawa da farin mayafi, saboda ba ta nuna dauɗa kuma za a ci gaba da zuwa coci da suna da jana'iza da ita shekara da shekaru. Fari kayan mai hali ne, wanda zai iya ɗinka rigar sawa ɗaya.

Abin mamaki, ita dai wannan sarauniya ce ta ƙara ɗaure baƙi da makoki. Da mijinta ya rasu a 1861 ta shiga baƙaƙen kaya ba ta fita ba har mutuwarta a 1901, shekara kusan 40 ke nan. A lokacin ne kasuwar wani baƙin dutse mai sheƙi da ake haƙa a Witbi ta buɗe, ana yin sarƙa da ƴan kunnen makoki da shi. Irin kayan wancan zamani ne amaren gotik ke nema yanzu. Manyan masu ɗinki ma sun shigo: a 2011 Vera Wang ta Amurka ta baje kolin rigunan amare baƙaƙe, a 2013 kuma mawaƙiya Avril Lavigne ƴar Kanada ta yi aurenta a kudancin Faransa cikin baƙar riga.

Yadda ake shirya bukin

Abu na farko shi ne wuri, don shi ke cin kaso mai tsoka na kuɗin. Ana neman tsohon gidan sarauta, ko tsohon coci da aka daina ibada a ciki, ko babban ɗakin karatu mai katako mai duhu. Gidan Walpole kansa, Strawberry Hill a yammacin Landan, ana ba da hayarsa don aure. Sai dai doka tana gaba da ado. A Faransa dole a fara ɗaura aure a ma'aikatar magajin gari, bayan an liƙa sanarwa kwana 10, sannan a tafi inda ake so a yi shagali. A Ingila sai an ba hukuma sanarwa aƙalla kwana 29 kafin ranar, kuma wurin ya zama mai lasisi, bisa dokar 1994 da ta ba da damar ɗaura auren hukuma a otal da tsofaffin gidaje. Wuraren tarihi da yawa ba su yarda a kunna wuta a ciki ba saboda tsoron gobara, sai a koma ga kyandir mai batir. Wanda ya biya kafin alƙalami bai tambaya ba, shi ya jiyo.

Na biyu lokaci. An fi son watan Oktoba, lokacin da sanyi ya fara shigowa, ganye ya yi ja yana zuba, rana tana faɗuwa da wuri. Wasu na zaɓar 31 ga wata, daren bukin Halowin. Dalilin ba na ado kaɗai ba ne: karan-miski da baƙin siliki mai kauri ba sa sawuwa a zafin bazara.

Na uku tufafi, kuma a nan ne telolinmu da masu sayar da yadi za su gane zancen da kyau. Baƙi ba iri ɗaya ba ne. Wani yana ɗaukar ja, wani shuɗi, wani ruwan toka, kuma sai an fita rana ko hasken kyamara ya haska ake ganin bambancin. Don haka ake gwada leshi da shafi da mayafi wuri guda, a fili, kafin a sa almakashi. Riga baƙa ƙirin da aka yi da yadi iri ɗaya takan fito a hoto kamar buhu, shi ya sa ake haɗa mai sheƙi da marar sheƙi, a sa leshi bisa shafi ja mai duhu ko ruwan goro don zanen ya fito. Masu son sauƙi kan sayi farar riga ta hannu su kai marina, sai su tarar yawancin rigunan na zaren roba ne, wanda ba ya kama rinin auduga, rigar ta fito toka-toka, zaren ɗinkin kuma ya tsaya fari. Ba duka ke sa baƙi ba: akwai masu zaɓar ja mai duhu, ko shunayya, ko kore mai duhu.

Na huɗu furanni da abinci. Babu furen wardi da ke tsirowa baƙi na gaskiya. Wanda ake sayarwa da wannan suna, kamar Black Baccara na kamfanin Meilland na Faransa, ja ne mai tsananin duhu, sauran kuwa rina su ake yi ko a fesa musu launi, kuma suna iya ɓata hannu da riga. Kek ɗin bukin ma baƙi ake yi, amma launin abinci in ya yi yawa yana rina haƙora da leɓe, shi ya sa masu gashi ke amfani da garin koko mai duhu. Wasu na zuba garin gawayi irin na kantin magani, wanda ke iya hana maganin da mutum ya sha aiki a ciki. Dole a faɗa wa baƙi.

Na biyar haske. Baƙaƙen kaya cikin ɗaki mai duhu, mai ɗaukar hoto sai ya yi da gaske. Ana neman wanda ya taɓa irin aikin, kuma ana barin isasshen haske a matakala da teburin abinci saboda tsofaffi da yara.

Babban aikin yana wajen dangi

Duk waɗannan kuɗi na iya magance su. Wanda kuɗi ba ya saye shi ne yardar iyaye. A Turai baƙi launin jana'iza ne, kuma uwa ko kaka da ta ga ɗiyarta cikinsa ranar aure tana iya ɗauka mugun fata ne. Wasu ma'auratan kan ƙara da ƙoƙon kan mutum na roba, da jemagu, da akwatin zobe mai siffar akwatin gawa, abin da ke sa wasu dangi su ƙi zuwa, wasu limaman coci kuma su ce ba a ɗakin ibadarsu ba. Masu hankali daga cikinsu kan zauna da iyaye tun da wuri, su nuna musu yadin da hoton wurin, su rage abin da zai sosa rai, su kuma rubuta a katin gayyata irin kayan da ake so ba tare da tilasta wa kowa sayen sabo ba.

Akwai kuma zargin da ke bin su, cewa matsafa ne. Gotik salon kiɗa ne da sutura, a cikinsu akwai Kiristoci, akwai marasa addini, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Zargin ya taɓa cin rai: a watan Agusta 2007 wasu samari a Lankasha ta Ingila suka yi wa wata budurwa mai shekara 20 dukan da ya yi ajalinta saboda shigarta, abin da ya sa a 2013 ƴan sandan Mancesta suka fara lissafa irin wannan hari cikin laifukan ƙiyayya.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Wannan buki nasu ne, ya tsiro daga tarihinsu, kuma ƙoƙon kai da akwatin gawa ba su da mazauni a bukinmu. Ko ma'anar launin ba ɗaya ba ce: a nan takaba wata huɗu da kwana goma ce, ba a ɗaure ta da baƙar riga ba, turkuɗi mai duhu kayan alfarma ne, kwalli kuma adon kowace mace. Amma hotunan suna yawo a salula, kuma mai shago a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ya kamata ya san asalin abin da aka nuna masa kafin ya saro ko ya yanka.

Darasin da ya fi girma shi ne na lissafi. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wato rigar yuro 1000 ta haura jika 655, kuma in fara ce ta amarya sau ɗaya za a sa ta a ninke. Matan ƙauyen Jamus na da, da amaren gotik na yanzu da ke ci gaba da sa rigarsu a taruka, sun tsira daga wannan asara. Mu ma muna da namu nauyin: anko kala-kala, da lefen da ake cin bashi a cika, da kayan da ba a sake taɓawa bayan buki. Mai sayar da yadin da ta ba uwar amarya shawarar abin da zai daɗe ana mora, wataƙila ribarta ta ranar ta ragu, amma ta samu abokiyar ciniki ta shekaru. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwa.