Daga difloma zuwa digiri: Abin da ya kamata 'yan kasuwa su sani kafin su biya wa malaman ƙananan yara kuɗin karatu

Akwai wata tambaya da iyaye da mazaje ke yawan aiko mana da ita a gidan rediyo: 'yarmu, ko matarmu, tana da difloma ta koyarwa, tana karantar da ƙananan yara, yanzu kuma an ce zamani ya koma na digiri. Shin shekaru ukun da ta yi a kwaleji sun tafi a banza ke nan? Amsa ita ce a'a. Difloma jari ce, ana iya ɗora digiri a kanta, amma sai an bi ta hanyar da ta dace.

Bari mu waiwaya baya kaɗan. Kwalejin Horon Malamai ta Bagabaga da ke Tamale an buɗe ta tun 1944, kuma shekara da shekaru ita da takwarorinta satifiket suke bayarwa. A 2004 aka ɗaga su zuwa masu ba da difloma ta shekara uku. A 2012 majalisar dokokin Ghana ta yi dokar da ta mayar da su manyan makarantu. Sai kuma a 2018 gwamnati ta ce kwalejojinta, waɗanda a lokacin guda 46 ne, su koma ba da digiri na shekara huɗu, aka rarraba su ƙarƙashin jami'o'i biyar, ciki har da UDS ta nan Tamale, wadda aka kafa a 1992. Wato wanda ya shiga Bagabaga, ko Kwalejin Ilimi ta Tamale, ko Gbewaa da ke Pusiga daga 2018 zuwa yau, da digiri zai fito. Waɗanda suka riga shi fitowa kuwa difloma ce a hannunsu, kuma da yawansu su ne ke riƙe da azuzuwan yaranmu.

To me ya sa ake ta maganar ƙananan yara? Dalili shi ne, tun gyaran ilimi na 2007 da dokar ilimi ta 2008, shekara biyu na ajin share fage, wato KG, sun shiga cikin ilimin tushe. A sabon digirin ma an ware fanni guda na masu koyarwa daga KG zuwa aji uku na firamare. Da can gani ake yi duk macen da ta iya rarrashin yaro ta isa ta riƙe wannan aji. Yanzu an gane cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya kamo 'yan'uwansa.

Yadda abin yake shi ne, jami'a takan duba darussan da mai difloma ya riga ya ci, ta lissafa masa su, sannan ta ɗora shi a aji uku maimakon aji ɗaya. Ke nan shekara biyu zai yi ya karɓi digiri, ba huɗu ba. Jami'ar Cape Coast da Jami'ar Ilimi ta Winneba sun daɗe suna gudanar da irin wannan shiri, kuma ba lallai malama ta bar aikinta ba. Akwai karatu daga nesa, inda ake haɗuwa da malamai a ƙarshen mako a cibiyoyin da ke manyan garuruwa, har da Tamale. Akwai kuma karatun lokacin hutu, inda ake zuwa a zauna makonni idan an rufe makarantu.

Wannan tsari ba a Ghana kaɗai yake ba. A Nijeriya mai takardar NCE yakan shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hannun hukumar JAMB. A Amurka kuma ɗalibai da yawa sukan yi shekara biyu a ƙananan kwalejojin da ke kusa da gida saboda sauƙin kuɗi, sannan su kwashi makinsu su ƙarasa a jami'a.

Sai dai ku 'yan kasuwar kan iyaka kun fi kowa sanin cewa sefa ba ta zama sidi sai an bi ta wurin ɗan canji, kuma ba kowane ɗan canji ne ke ba da farashi ɗaya ba. Haka takardar makaranta take. Don haka kafin a fitar da ko kwabo, ga abubuwa huɗu da muke ba da shawarar a bincika.

Na farko, a tabbatar makarantar da kuma shi kansa kwas ɗin suna da amincewar hukumar kula da manyan makarantu, wato GTEC, wadda aka kafa da dokar 2020. Katafaren allo a bakin titi ba shaida ba ce. Hukumar tana fitar da jerin makarantun da ta amince da su, kuma duk yaron da ke da waya mai intanet zai iya duba muku.

Na biyu, a tambayi jami'ar tun kafin a sayi fom: da wannan difloma, a wane aji za ku ɗauke ta? Wadda ta yi difloma a fannin koyarwa ba ɗaya take da wadda ta yi a fannin akanta ko sakatariya ba. Idan fannin bai dace ba, ko sakamakon ya yi rauni, ana iya mayar da mutum aji biyu, kuma ƙarin shekara guda ƙarin kuɗin makaranta ne da na mota da na littattafai. A nemi amsar a rubuce.

Na uku, a nemo cikakkiyar takardar sakamako mai nuna kowane darasi da makinsa, domin da ita ake lissafi, ba da satifiket kaɗai ba. Takan ɗauki lokaci kafin ta fito, saboda haka da safe ake kama fara. Wadda kuma ta yi karatunta a Nijeriya ko Togo ko Burkina Faso, sai ta fara kai takardunta GTEC a auna su da na Ghana.

Na huɗu, idan malamar ma'aikaciyar gwamnati ce, ta fara tuntuɓar ofishin ilimi na gundumarta. A hukumar ilimi ta GES, matakin mai digiri ya fi na mai difloma, albashi ma haka, amma ƙarin girman yana zuwa ne idan kwas ɗin yana cikin waɗanda hukumar ta yarda da su. Haka kuma digiri ba ya maye gurbin lasisin koyarwa da hukumar malamai ta NTC ke bayarwa.

Akwai wani dalili da ya sa wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Manufar gwamnati ita ce a fara koyar da yaro da harshen gida a azuzuwan farko, amma a jerin harsunan da aka ware wa makarantu akwai Dagbani da Gonja da Kasem, babu Hausa. Yaron zango da ya tashi da Hausa a bakinsa yakan shiga aji ya tarar da harsuna biyu da ba nasa ba. Malama 'yar zango mai horo, wadda ke jin Hausa da Dagbani da Turanci, ita ce gadar da zai taka ya haye. Makarantunmu na Turanci da Arabiyya, waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, suna bukatar irin waɗannan malamai ƙwarai.

Saboda haka muna kira ga iyaye da mazaje: kamar yadda ba ku sayen buhun masara sai kun soka kun ga ƙwayar, kada ku biya kuɗin digiri sai kun bincika. In kuma kun bincika kun gamsu, to ku taimaka da kuɗin, ku kuma taimaka da riƙon yara a ranakun Asabar da Lahadi da za ta tafi aji. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.