Waƙa a fili da waƙa a faifai: misalin wata ƙaramar ƙungiyar mawaƙan Kirista ta ƙasar Kurfai

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban ƙaramar ƙungiyar mawaƙa, daga baya ya saurari faifanta, ya san daɗin da kunne ke ji a wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne. Yawanci akan danganta bambancin da kayan sauti ko da yawan jama'a. A cikin wannan maƙala muna so mu nuna cewa wani ɓangare nasa daga harshe yake fitowa. Misalinmu shi ne wata ƙungiyar matasa Kiristoci, ƴan asalin Kurfai, da muka saurara a wani bikin aure a Filinge, sa'annan muka saurari waƙoƙin nan dai kamar yadda suka ɗauke su a wani situdiyo na Yamai. A wurin biki kayan kiɗansu jita ne da ganga da tulu da caki. A faifai an ƙara fiyano.

1. Asalin Hausar waƙoƙin

Filinge tana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma ita ce cibiyar ƙasar Kurfai. Hausar wurin, wato Kurfayanci, tana cikin karorin yamma, tana kuma maƙwabtaka da Zabarmanci. Jean-Guy Malka ya riga ya kwatanta furucinta da na Daidaitacciyar Hausa. Kiristoci kuwa ƙalilan ne a Nijar baki ɗaya: bisa ƙidayar 2012 ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka yawancin abin da suke karantawa da abin da suke rerawa da Hausa daga wani wuri ya zo musu.

Mishan ɗin SIM ya zauna a Damagaram a 1924, Katolika kuma suka kafa nasu a Yamai a 1931. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da aka yi a Nijeriya. Haka ma Littafin Waƙoƙi, wanda da yawa daga cikin waƙoƙinsa fassara ce daga Turanci, tare da muryoyinsu na Turai. Daga baya rediyo ya ƙarfafa wannan hanya: gidan ELWA na Manrobiya ya fara aiki a 1954, shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos kuma sun riƙa fitowa ta Adis Ababa har zuwa 1977. Kaset ya biyo baya, ya yaɗa waƙoƙin ƙungiyoyin Zumuntar Mata, masu kiɗan tulu da caki. Sakamakon haka, ga Bakurfayen Kirista, Hausar ibada ita ce Hausar littafi mai bin karin Kano, Hausar gida kuma Kurfayanci. Mawaƙanmu suna tsakanin biyun.

2. Abubuwa biyu da waƙa ke taɓawa

Na farko shi ne nauyin gaɓa. Tun daga aikin Joseph Greenberg na 1949 aka fahimci cewa ma'aunin waƙar Hausa ya dogara ga bambancin gaɓa marar nauyi (baƙi da gajeren wasali) da gaɓa mai nauyi (mai dogon wasali, ko mai tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe). Ga al'ada, mai nauyi tana cin lokacin marar nauyi sau biyu. Bambancin yana ɗauke da ma'ana: idan mawaƙi ya ja wasalin farko na gari, wurin zama ya koma abin tuwo.

Na biyu shi ne karin sauti. Kalmar wuya mai ma'anar wahala tana farawa da karin ƙasa ta hau sama. Wuya na jiki kuwa daga sama yake sauka. Paul Richards, a 1972, ya auna wata waƙar Hausa guda, ya ga muryarta tana bin karin kalmomi fiye da abin da dace kawai zai bayar, amma ba a kowace gaɓa ba. Waƙar da aka fassara aka ɗora a kan muryar Turai ba ta da wannan jituwa sai inda aka yi katari. Mai sauraro yakan gane ma'ana daga sauran jimla, sai dai kunnensa yana jin cewa kalmar ta karkace.

3. A fili

Abin da muka fara lura da shi a wurin biki shi ne, jagorar waƙa tana farawa da Hausar littafi, amma da amshi ya yi ƙarfi sai bakinta ya koma gida. Mun kasa canje-canjen kashi biyu.

(1) Waɗanda ba su taɓa ma'auni:
zauna / zamna
faɗi / hwaɗi
shi ne / shi na

(2) Waɗanda ke taɓa ma'auni:
suka / sunka
ƴaƴan / ɗiyan

A (1), nauyin gaɓoɓi ɗaya ne a kowane ɓangare, don haka mawaƙiya tana musanya su ba tare da makaɗi ya ji komi ba. A (2) lamarin ya bambanta. Gaɓar farko ta suka marar nauyi ce, ta sunka mai nauyi ce, ke nan layi ya ƙaru. Tsakanin ƴaƴan da ɗiyan kuwa raguwa yake yi. Dole mawaƙiya ta biya bashin nan take: ko ta yar da wata ƴar kalma irin dai ko kuma, ko ta cusa ai, ko ta ja wasalin ƙarshe. Dabarar tsohuwa ce, domin marubuta waƙoƙin Hausa sun daɗe suna zaɓar suka ko sunka gwargwadon bukatar ma'auni, ko da wane kari suke magana da shi.

A ganinmu, babban daɗin sauraro a fili yana nan. Jama'a sun san waƙar, suna jira su ga yadda jagora za ta fita daga ramin da ta haƙa wa kanta, in ta fita lafiya sai guɗa ta tashi. Ƙari a kan haka, da yake babu fiyano da zai tsare murya, takan lanƙwasa muryar waƙa ta bi karin magana, musamman a kan kalmar da take so a ji. Maƙwabta Musulmi da suka zo taya murna ba su san baitocin ba, amma da suka ji Hausar garinsu sun kama amshi da tafi.

4. A faifai

A situdiyo, kashi na (2) ya ɓace gaba ɗaya, na (1) kuma saura ɗan hw da ke kuɓucewa nan da can. Muna ganin dalilai uku. Na ɗaya, akan fara shirya kiɗan fiyano, sa'annan a ɗora murya, don haka ba a bar wurin ƙari ko ragi ba. Na biyu, mawaƙa suna rerawa daga takarda, kuma da Hausar littafi aka koya musu rubutu. Na uku, suna fatan a saurare su a Maraɗi da Jos da Kaduna, inda suke tsoron a ɗauki sunka a matsayin ƙauyanci. Idan an yi amfani da manhajar gyaran murya irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, lanƙwasar da muka ambata ma takan ragu, domin manhajar tana jan kowane sauti zuwa matakin kiɗa mafi kusa.

Wannan bai rage wa faifai darajarsa ba. A cikinsa kalmomi suna fita sarai, muryoyin maza da na mata suna jeruwa bisa tsari, ana iya maimaita baiti har a hardace shi. Ga ma'aikacin da aka tura garin da babu majami'a, waƙar da ke cikin salularsa ita ce taronsa. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi a 2017, tafiye-tafiye da tarukan dare suka yi wuya, wannan amfani ya ƙaru. Daɗin faifai na mai sauraro shi kaɗai ne, wanda ke neman abin da ya sani ya dawo masa yadda ya bar shi.

5. Kammalawa

Abin da ya dame mu a matsayinmu na manazarta harshe shi ne, faifai yana daɗewa, biki kuwa yana watsewa. Ɗalibin da zai zo nan gaba ya dogara ga faifai kaɗai zai yanke hukuncin cewa Kiristocin Kurfai ba su yin waƙa da Kurfayanci, alhali kunnenmu ya shaida akasin haka. Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawarwari uku. Su ɗauki kowace waƙa sau biyu, a fili da a faifai, bayan sun nemi izinin masu ita. Su rubuta ta da alamun tsawon wasali da na karin sauti, domin rubutun yau da kullum yana ɓoye duka biyun. Su kuma ajiye kwafi a cibiyoyin adana al'adun baka irin IRSH da CELHTO na Yamai. Tambayar da muka bari a buɗe ita ce: shin mawaƙan bege da na siyasa na Kurfai su ma suna barin sunka a ƙofar situdiyo? Idan haka ne, to lamarin ya wuce majami'a, ya shafi makomar karorin Hausar Nijar a cikin waƙar da ake ɗauka.