Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Neman Bayani A Waya

Wani mai sauraronmu daga Ɗanbatta, manomi kuma mai sayen hatsi, ya rubuto yana cewa bara ƙwari sun ɓata masa wake a ɗakin ajiya. Bana ya sa ɗansa ya duba masa magani a intanet, sai amsoshi suka yi yawa, kowa da abin da yake faɗi. Shin wanne zai kama?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Ka ɗauki intanet tamkar kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi. Akwai mai gaskiya, akwai dillalin da kuɗinka kawai yake so. Wanda ya shiga yana cewa "ina son dabba" zai sha yawo, amma wanda ya ce "ina son tunkiya mai ciki" nan da nan za a nuna masa wuri. Haka Google yake.

Na farko, a faɗi abin da ake so filla-filla. Kada a rubuta "maganin ƙwari" kurum. A rubuta "yadda ake ajiye wake ba tare da magani ba". Wanda bai iya rubutu ba, yaro ya rubuta masa.

Na biyu, a sauya rubutun in amsa ba ta fito ba. Mutane da yawa ba sa sa wa baƙaƙe lanƙwasa, don haka a gwada "ƙwari", a gwada "kwari". Sunan garinku ma wasu Danbatta suke rubutawa, wasu Dambatta. Kazalika yawancin bayanan masana da Turanci suke, kuma cowpea suke kiran wakenmu. Tun 2013 Google Translate yake fassara zuwa Hausa, sai dai yakan yi kuskure, musamman wajen sunan magani da awo.

Na uku, a duba wa ke magana. Abin da ya zo a sama ba lallai shi ne ya fi gaskiya ba, sau da yawa talla ce aka biya kuɗi. A ƙara sunan wata cibiya a cikin tambayar, kamar IAR ta Samaru, Zariya, ko IITA, ko KNARDA ta Jihar Kano. Da ɗanka ya yi haka, da ya ci karo da bayanin buhun PICS, mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. In aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowanne tamau, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an zuba komai ba.

Masu cewa a yayyafa fiya-fiya a kan wake kuwa, a guje su. Guba ce ga mai ci, kuma saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

Na huɗu, a duba kwanan wata. Farashin gero a Dawanau na shekara biyu da suka wuce ba zai yi maka amfani a cinikin yau ba. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ba suna ba rana, jita-jita ne har sai an tabbatar.

Daga ƙarshe, Malam, waya ba ta taɓa shiga gonarka ba. Kafin ka fitar da kuɗi, kai abin da ka karanta wurin malamin gona, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan garinku. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.