Asalin Kalmar “Kuningas” a Harshen Finlan

A harshen mutanen Finlan, kalmar “kuningas” tana nufin sarki. Wanda ya san “king” ta Ingilishi ko “König” ta Jamusanci zai iya zaton cewa harsunan uku 'yan'uwa ne. Ba haka abin yake ba. Harshen Finlan ɗan iyalin harsunan Ural ne, tare da na Estoniya da na Hangari; Ingilishi da Jamusanci kuwa 'yan reshen Jamanik ne. Watau aro ne ya kawo wannan kama, ba gado ba.

Masana sun yi ittifaƙi cewa tushen kalmar shi ne *kuningaz, ta harshen da ya haifi dukkan harsunan Jamanik. Alamar tauraro tana nuna cewa ba a sami kalmar a rubuce ba, kwatanta harsuna ne ya fito da ita. Sassanta uku ne: saiwar kun- mai nufin dangi, wadda ta bar “kin” a Ingilishi, da ɗafa-ƙeyar -ing mai nuna tsatso, da -az mai nuna suna namiji tilo. Ma'anarta ta farko ke nan ita ce ɗan dangi, wataƙila ɗan babban gida.

Abin lura a nan shi ne, masu kalmar sun yi ta gutsure ta. Tsohon Ingilishi ya yar da -az ya ce “cyning”, daga baya ta koma gaɓa ɗaya. Mutanen Finlan kuwa sun riƙe gaɓoɓin nan uku, ba su sauya kome ba sai /z/ da suka mayar /s/, domin babu ita cikin sautukansu. Haka ma “rengas”, watau zobe, daga *hrengaz: ta adana wasalin /e/ wanda ya riga ya koma /i/ a “ring”. Vilhelm Thomsen, masanin ƙasar Denmak, shi ne ya tsara irin waɗannan hujjoji a littafinsa na 1869.

Darasin da ke ciki ga mai nazarin harshe a fili yake. Kada a ɗauki kalmar aro a matsayin gurɓata da za a share daga ƙamus. Shaida ce ta tarihi, domin sau da yawa mai aro yakan adana siffar da mai kaya ya manta, har ta zama hujjar da za a tabbatar da abin da ba a taɓa rubutawa ba.