Matsalar Gugar Taya a Jikin Mota da Hanyoyin Magance Ta

Sau da yawa mai mota kan cire tayoyin da motarsa ta zo da su daga kamfani, ya ɗaura waɗanda suka fi su faɗi, ko dai don ado ko kuwa don neman ƙarin riƙon kwalta. Ba a jimawa sai ya fara jin wata ƙara idan ya karya kwana ko ya faɗa rami. Wannan alama ce ta cewa taya na gugar jikin mota. Lamarin ba na wasa ba ne, domin gefen taya shi ne wuri mafi rauni a jikinta. Idan ƙarfe ya ci shi a hankali, tana iya fashewa alhali mota na cikin gudu.

Fahimtar matsalar tana farawa ne daga lambobin da ke rubuce a gefen taya. A ɗauki misalin 195/65 R15, wadda ake gani a ƙananan motoci irin su Toyota Corolla. Lamba ta farko faɗin taya ce a ma'aunin milimita. Ta biyu tana nuna tsayin gefen taya, wato kashi 65 cikin 100 na wancan faɗi. Ta uku kuwa girman rim ne, inci 15. A kan lamba ta biyu ne jama'a da dama ke ruɗewa. Wanda ya koma 215/65 R15 yakan zaci faɗi kaɗai ya ƙara da milimita 20, alhali tsayin tayar gaba ɗaya ma ya ƙaru da kimanin milimita 26, tunda kashi 65 na 215 ya zarce kashi 65 na 195. Hatta agogon gudu sai ya daina faɗar gaskiya: ya nuna kilomita 100 a awa, mota kuwa tana kusan 104. Da 205/55 R16 ya zaɓa, tare da rim ɗin da ya dace, da ya sami ƙarin faɗi ba tare da tsayin ya sauya da fiye da milimita 3 ba.

Abu na biyu shi ne mazaunin rim. A bayansa akan tarar da haruffan ET tare da lamba, kamar ET45. Idan lambar ta ƙaru, taya takan shige ciki ta kusanci shokazoba. Idan ta ragu, sai ta fito waje ta tunkari leɓen bodi.

Saboda haka, bakanike mai sanin ya kamata ba ya fara ɗaukar guduma. Yakan murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, ya leƙa ya nemo inda fenti ya goge ko roba ta yi sheƙi. Wasu sukan shafa alli a gefen tayar, a zaga da mota, sannan a duba inda ya tafi. In robar da ke rufe da cikin ramin taya ce kawai ake taɓawa, a ɗan rage ta ko a ɗaure ta da kyau. In leɓen bodi ne, mai gyaran bodi ya ɗumama wurin don kada fenti ya tsage, ya lanƙwasa shi ciki. In kuwa gugar daga ciki take, gyara mafi inganci shi ne sauya rim. Akwai masu cusa faifan ƙarfe tsakanin rim da mazauninsa don tura taya waje. Dabarar tana aiki, amma tana rage zurfin da noti ke kamawa, tana kuma ƙara wa boris wahala. Wajibi ne a sa kusoshi masu tsawo idan faifan yana da kauri.

Wani abin lura shi ne, gwajin da aka yi mota babu kowa a ciki bai wadatar ba. Motar haya da ta fito daga kasuwar ƙauye cike da fasinjoji, ga buhunan hatsi a but, bayanta yakan zauna ƙwarai, ratar da aka gani a gareji ta ɓace. Idan sifirin ya riga ya gaji, lanƙwasa bodi ɓoye ciwo ne kurum. Sai an sauya shi, a ɗora kaya, sannan a sake aunawa.