Duwatsun mil na hanyar Funtua zuwa Malumfashi: Tarihin da ciyawa ke binnewa

Kafin zuwan wayar salula, direban da ya taso daga Funtua ya nufi Malumfashi ta Bakori ba ya bukatar tambayar kowa inda ya kai. Ɗan dutsen da aka kafa a gefen hanya, aka shafe shi da farin fenti aka rubuta masa lamba, shi ke faɗa masa mil nawa ya ci da wanda ya rage.

Auduga ce ta haifi wannan hanya. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a birnin Manchester na Ingila a 1902, ya buɗe gidan gurzar auduga a Funtua, daga baya Malumfashi ma ta samu nata. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan sai aka buƙaci hanyar da za ta kwaso amfanin gona daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi. Da farko jakuna ne ke ɗaukar kayan, sannan manyan motoci suka karɓe su. Ta Dayi da Yashe kuma hanyar ta haɗe yankin da birnin Katsina.

Duwatsun ba ado ba ne. Da mil ake lissafin nisan tafiya, da shi leburorin gyaran hanya ke sanin iyakar aikinsu, da shi kuma ake kwatanta inda mota ta lalace. Har sunan wuri ya zama: Mil Tara a Kano, Mil 12 a Legas.

Shekarun 1970 ne suka sauya lissafin. A ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sannan ta rungumi awon kilomita. Mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka tsofaffin lambobin suka daina aiki. Faɗaɗa titi da noman bakin hanya da zaizayar ƙasa suka ƙarasa yawancinsu.

A yau rashin alamar nisa ya wuce batun tarihi. Yankin Funtua, inda aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a 1975, har gobe cibiyar masara da dawa da waken suya ne, kuma manyan motoci ba sa yankewa a hanyar. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi kudancin Jihar Katsina. Idan hatsari ko hari ya auku da dare, mai neman agaji sai dai ya ce "gaba da Bakori kaɗan". Kafin a gano wannan "kaɗan" ɗin, ana iya rasa rai.

Kafa sabbin turakun kilomita ba zai kai kuɗin shimfiɗa kwalta ba. Tsofaffin duwatsun da suka tsira kuwa sun cancanci a gano su a adana, kafin garma ta tone na ƙarshe.