Ned Hanlan, Zakaran Tseren Kwale-kwale

Idan kun taɓa ganin masunta a Kogin Neja ko Binuwai, kun san cewa mai tuƙa kwale-kwale yana fuskantar inda za shi. A tseren da Turawa suke yi ba haka abin yake ba. Matuƙi yakan juya wa inda ya nufa baya, ya riƙe dogayen filafilai biyu, yana jan ruwa da su. Kwale-kwalen siriri ne ƙwarai, kuma ba shi da nauyi. A wannan wasa ne Ned Hanlan ya yi suna.

An haifi Hanlan a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1855. Ya tashi a wani tsibiri da ke gaban birnin, inda mahaifinsa yake da masaukin baƙi, don haka tun yana ƙarami ya saba da ruwa. A 1876 ya ci wata babbar gasa a Filadelfiya. Ya zama zakaran Kanada a 1877, na Amurka a 1878, na Ingila a 1879. A watan Nuwamba na 1880 ya kara da Edward Trickett, mutumin Ostareliya, a Kogin Thames na Landan. Tsawon tseren ya kai kusan kilomita 7. Hanlan ya ci, ya zama zakaran duniya.

Kada ku zaci ƙato ne. Trickett ya fi shi tsayi da nauyi nesa ba kusa ba. To, ina sirrin? A lokacin an fara sa wa kwale-kwalen tsere kujera mai zamewa gaba da baya. Da ita, matuƙi zai lanƙwasa gwiwoyinsa ya matso gaba, sannan ya tokare ƙafafunsa ya miƙe su yana jan filafilai. Ku gwada da kanku: ƙafa ta fi hannu ƙarfi. Hanlan ya laƙanci wannan dabara fiye da abokan karawarsa, sai ja ɗaya nasa ya kai shi nesa, ba tare da ya gaji da wuri ba.

Jama'a sun ƙaunace shi, har suka yi masa laƙabi da yaro mai shuɗin kaya, saboda launin rigarsa. Dubban mutane sukan cika bakin kogi don kallonsa. Idan ya wuce abokin karawarsa, wani lokaci sai ya tsaya yana ɗaga wa 'yan kallo hannu, ko ya yi kamar ya suma, sai an kusa cim masa ya zabura. 'Yan kallo suna shewa, amma wannan cin fuska ne ga wanda ake tsere da shi.

Wasan yana tattare da caca mai yawa, kuma caca ta jawo maguɗi. A 1879, kafin karawarsa da Ba'amurke Charles Courtney, an wayi gari an yanke kwale-kwalen Courtney gida biyu da zarto.

A 1884 William Beach ya ƙwace kambun daga hannunsa a Kogin Parramatta na Ostareliya. Duk da haka mutanen Toronto ba su juya masa baya ba, sun zaɓe shi kansila daga bisani. Ya rasu a 1908, kuma a 1926 aka kafa mutum-mutuminsa a birnin. Yanzu yana tsaye a tsibirin da Hanlan ya girma.